Ƙusar da Ke Jikin Dutse

Kafinta bai taɓa iya iyo ba. Gidan da aka haife shi jifa ɗaya ne tsakaninsa da kogi, ya tashi yana jin ƙugin ruwa ta bayan katanga duk damina, amma tun yana yaro iyakar shigarsa gwiwa. Sa'o'insa kan ce ko a faranti aka zuba ruwa sai ya nemi abin dafawa. Shi ya sa ranar da kwamitin ruwa ya ɗora masa duba turken awo, garin ya yi mako guda yana dariya. Shekara huɗu ya yi yana sauka matakala ashirin da biyu zuwa bakin ruwa kowace safiya, bai taɓa fashi ba. A ta biyar ya daina sauka. Babu wanda ya tambaye shi dalili, domin kowa ya sani, kuma a ranin wannan shekarar ne albasar mutanen gangare ta soma bushewa a ƙasa.

Yana da shekara goma sha shida mahaifinsa ya kai shi birni koyon aikin katako, wurin wani mutum mai ƙarancin magana da wuyar gamsuwa. Idan yaro ya kafa ƙofa, maigidan nan ba ya duba ta. Da ɗan yatsa ɗaya yake tura ta, ya juya baya yana saurare. In ta yi ƙara ko ta goga ƙasa, a cire a sake. Kafinta ya cire ƙofa ta fi ɗari a hannun mutumin nan kafin a sallame shi. Bayan shekara goma sha biyu ya dawo gida da akwatin kayan aiki da fensir a bayan kunne, ya kafa rumfa a bakin hanya, ya yi aure. Ƙofofin rabin garin aikinsa ne, da gadaje, da bencinan makaranta. Har makarar da ake ɗaukar mamatan garin shi ya yi ta. Ƙusoshinsa a gwangwanayen madara suke, jere bisa tsawonsu, kuma ko da ido rufe ya miƙa hannu ba ya kuskuren gwangwani. An san shi da abu ɗaya: idan ya ce kamu uku ne, to kada ka wahalar da kanka neman awo.

'Ya'yansa uku. Maza biyu sun tafi birni, sai dai a ji su a waya. Ta ukun mace ce, ita ce ta yi karatu mai nisa, ta karanci ban-ruwa a kwaleji, ta dawo da takardar shaida babu aiki. Garin ya sa mata Injiniya, rabi wasa rabi gori. Shi kuwa Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Kogin nan garuruwa biyu yake shayarwa, na tudu inda Kafinta yake, da na gangare, tafiyar sa'a guda a ƙafa. Da damina ba a faɗa, ruwa ya ishi kowa har ya yi ɓarna. Rani ne yake raba zumunci. Da injinan ban-ruwa suka yi yawa a tudu, sai ya zama kafin ruwa ya isa gangare an tsotse shi. Wata shekara mazan gangare suka hau da adduna suka yayyanka tiyo, aka fasa wa mutum ɗaya kai, aka yi wata shida ba a gaisawa a kasuwa, alhali babu gidan tudu da ba shi da 'ya ko suruki a gangare.

Injiniya ce ta bi gida gida, sama da ƙasa, har aka gaji da ita aka yarda a zauna. Aka kafa kwamiti na mutum tara, biyar daga gangare, huɗu daga tudu, aka ba wani tsohon direban babbar mota shugabanci, don ya saba raba faɗan fasinja da ɗan kamasho. A shekara biyu sun jera duwatsu a kwazazzaban da ke cinye gonaki, sun dasa jema a gaɓar kogi don ta riƙe ƙasa, sun hana ɗiban yashi a kwanar da ke kusa da mashigi, sun ware wa shanu hanyar shan ruwa. Amma abin da ya kashe faɗan gaba ɗaya turke ne.

Itacen kirya ne, Kafinta ya fere shi da hannunsa, aka kafa shi a cikin ruwa daidai inda gonakin tudu suka ƙare. Injiniya ta shafe shi da farin fenti, ta rubuta lambobi da baƙi daga ɗaya zuwa ɗari biyu, santimita santimita, manya yadda mai raunin ido ma zai gani. A kan sittin ta zagaya jan layi. Doka ɗaya ce: muddin jan layi yana ƙarƙashin ruwa, kowa ya ja yadda ya ga dama. Ranar da ya fito, injinan tudu su yi kwana ɗaya suna aiki, kwana biyu suna hutawa, har damina ta sauka. Aikin Kafinta shi ne ya sauka ƙarfe bakwai na safe, ya karanta, ya rubuta a littafi, sannan ya kwafa da alli a allon da ke gaban rumfarsa, inda na tudu da na gangare duk suke wucewa.

Akwai kuma ƙusa. A jikin babban dutsen da ke ƙasan matakala, Injiniya ta sa aka huda aka kafa ƙusa mai kauri, daidai da lamba ɗari da hamsin ta jikin turke.

"Baba, turke itace ne a cikin laka," in ji ta. "Zai iya nutsewa, zai iya karkacewa. Dutse kuwa ba ya zuwa ko'ina."

Ta nuna masa yadda ake gwadawa, da siririn tiyo irin na magina wanda ake ganin cikinsa. A cika shi da ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin dutse ya daidaita ruwan ciki da ƙusa, ɗayan ya shiga kogi da ɗaya bakin ya ɗora a jikin turke ya ga inda ruwan ya tsaya. In turke yana nan daram, a kan ɗari da hamsin cif zai tsaya. Aikin mutum biyu ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi yake tsayawa wurin ƙusa, ƙafarsa a busasshiyar ƙasa, ita ta ɗaure zani ta shiga.

"Ɗari da hamsin, Baba. Kai dai kada ka faɗo, ba mai cetonka."

A shafin farko na littafin ta rubuta dokoki biyar da hannunta. Ta huɗu ita ce: bayan kowace ambaliya, a sauka a gwada turke da ƙusa.

Shekara huɗu ba a yanka tiyon kowa ba.

Ranar da abin ya faru ko ɗigo bai sauka a garinsu ba. Ƙarshen damina ne, rana tana haske, mata sun shanya kaya. A can duwatsun da kogin yake tasowa aka yi ruwan. Injiniya ta haye ɗaya gaɓar da safe duba jemar da aka dasa, ta juyo da la'asar, ta shiga mashigi ruwa a gwiwa. Wani makiyayi da ke kan tudu ya ce ya ji ƙugin kafin ya ga ruwan, ya yi mata ihu, ta waiwayo. Iyakar abin da ya gani ke nan.

Washegari da hantsi aka same ta a jikin turke, mayafinta ya naɗe da shi. Ruwa yana da ƙarfi har lokacin. Maza shida suka shiga da igiya, suka ɗaura a turken, suka rataya a jikinsa suna ja har suka fito da ita. Kafinta yana tsaye a saman matakala. Ya lura cewa ruwa yana kan ɗari da sittin da takwas, kuma da ya koma gida ya rubuta a littafi, domin bai san abin da zai yi da hannunsa ba. A makarar da ya yi aka ɗauke ta. Yana biye da ita ya ga ƙafa ɗaya ta makarar ta soma sakwarkwacewa, ya ce a ransa tana son ƙusa biyu.

Bayan mako guda ya koma aiki. Mutane suka ce wannan mutum akwai tawakkali. Shi dai bai ji komai ba da zai kira tawakkali. Yana tashi, yana cin abin da aka ajiye masa, yana yanka katako, katako yana yankuwa. Ƙarfe bakwai yakan tafi bakin kogi ya tsaya a saman matakala, gindin bishiyar da ke wurin. Lambobin manya ne, daga nan ma ana ganinsu sarai. Ya karanta, ya rubuta, ya juya. Bai taɓa rubuta abin da bai gani ba. Kuma ya san doka ta huɗu kamar yadda ya san sunansa, shi ya sa yake buɗe littafin ta tsakiya.

A gida, magana ta koma kan gishiri da kananzir. Matarsa ta daina zuwa wanki kogi, ta koma jan ruwa a rijiyar maƙwabta duk da ciwon kafaɗarta. Ɗakin Injiniya yana rufe, amma ba a kulle ba. Duk safiya uwar takan shiga ta share, ta fito ta ja ƙofar, ƙofar kuwa ba ta ƙara, don shi ya kafa ta.

"Malam, ka ci?"

"Na ci."

"Akwai saura."

"Ya isa."

Rani ya shigo. Allo ya ce tamanin da biyar, ya ce tamanin da biyu, ya ce tamanin. Injinan tudu suna ta ƙugi daga safe har yamma, kuma wanda ya fi kowa yawan injina shi ne ƙanen Kafinta, mai gonar tumatir uku. Daga gangare kuwa aka fara kawo kuka: ruwa ba ya isowa, abin da ke isowa bai fi fitsarin akuya ba.

Kwamiti ya zauna a ajin makaranta, manya a kan bencinan yara, gwiwoyinsu a sama. Mutanen gangare suka ce ana satar ruwa. Ƙanen Kafinta ya miƙe ya nuna wansa da buɗaɗɗen hannu.

"Ga Yaya nan. A cikinku wa ya taɓa kama shi da ƙarya? Saba'in da takwas ne yau. Wanda bai yarda ba ya je ya duba da idonsa, turke ba a ɗaki yake ba."

An je an duba, saba'in da takwas ne. Aka ce wataƙila yashi ne ke shanye ruwan a hanya. Aka ce wataƙila shekarar ce haka. Direba ya karɓi littafin ya buɗe shafin farko, Kafinta yana kallonsa. Ya ga idon tsohon ya sauka layi ɗaya, biyu, uku, ya tsaya. Sannan Direba ya yi gyaran murya, ya rufe littafin a hankali, ya miƙa masa da hannu biyu.

"To, a ƙara haƙuri. Allah ya kawo mana sauƙi."

Mutum tara ne a ɗakin ban da masu leƙe ta taga, kuma babu wanda bai san doka ta huɗu ba. Huɗu daga cikin maza shidan da suka rataya a jikin turken ma suna zaune a wurin. Amma wa zai dubi mutumin da 'yarsa ta mutu a wurin nan ya ce masa ka sauka? Wa kuma zai ɗauki tiyo ya je da kansa, ya zama ya ce aikin Kafinta bai yi ba? Kara ta hana kowa. Haka aka tashi, kowa yana ganin ya kyauta.

Aka ƙara mako uku.

Wata rana da azahar yana goge ƙafar tebur sai inuwa ta rufe masa aiki. 'Yar kawunsa ce, taubashiyarsa, wadda ta yi aure a gangare, mijin ya rasu ya bar mata fili ɗaya na albasa da jikoki huɗu. Mai Albasa ake ce mata. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba ta ƙyale shi, amma tun rasuwar nan in ta wuce sai dai ta ce sannu Kafinta, kamar baƙuwa. Yau ta zauna a kan teburin da yake gogewa ba tare da an ba ta izini ba.

"Bawana, ka tsufa. Dubi wuyanka kamar na kazar da ta kwana a ruwa."

Ya ɗago ya dube ta. Ya daɗe bai ji wannan muryar ba.

"Sauka min daga tebur, tsohuwa, ba a yi shi don ɗaukar buhu ba."

"Au, ashe bakin yana nan."

Ta kwance bakin zaninta ta zazzage masa albasa biyar a kan katako. Babbar cikinsu ba ta wuce kan babban yatsa ba, ganyen ya yi fari ya karye.

"Na kawo maka tsaraba. Wata uku ke nan a ƙasa. Ka ga wannan? Ita ce sarauniyarsu."

Ya ɗauki ɗaya ya juya ta. Ba ta da nauyi.

"Saba'in da huɗu ne yau," in ji shi.

"Na gani, na iya karatun allo. Shekara arba'in ina noma a bakin kogin nan. Ruwan da ke zuwa mana ba ruwan saba'in da huɗu ba ne, ko hamsin da biyar bai kai ba."

"Abin da idona ya gani na rubuta."

"Na sani. Da ƙarya kake yi ai da sauƙi, da tuni na fasa maka kai da wannan gudumar." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ka sauka?"

Ya jera albasar nan biyar a gefen tebur bisa girmansu.

"Kowa yana jin nauyinka. Ni ban da wannan ciwon, tun kana yawo ba wando na san ka. Yarinyar nan a bayana ta yi barci ba sau ɗaya ba, kada ka zaci kai kaɗai aka yi wa rashi. Amma ni ina da baki huɗu a gida, kuma ba sa cin kara."

"Aikin mutum biyu ne."

"To ni dai idona ya tafi, allura ma jikata ke zura min. In na riƙe maka, sai in ce kogi ya kai ɗari biyar." Ta sauko daga teburin tana dafa gwiwa. "Ka nemi mai ido. Albasar ka riƙe, ka yi miya."

Sai da ta tafi ya ga matarsa tsaye a bayan rumfa da kwanon abincinsa. Bai san tun yaushe take wurin ba. Ta ajiye kwanon, ta dubi albasar, ta koma gida.

Washegari ƙarfe bakwai saura ya ɗauki littafi zai fita, sai ya same ta a bakin ƙofa da mayafi, tiyo a naɗe a kafaɗarta. Daga ɗakin Injiniya ta ɗauko shi, har da ƙurar ƙusar da yake rataye a kai.

"Ina za ki?"

"Inda za ka."

"Ba ki iya ba."

"Na sha jin ku kuna yi. Ruwa daidai da ƙusa. Ko akwai wani abu bayan wannan?"

"Babu."

Suka tafi, shi a gaba ita a baya. A saman matakala ya tsaya inda ya saba tsayawa, har ƙasar wurin ta yi santsi da sawunsa. Ita ba ta tsaya ba, ta raɓa shi ta fara sauka, tana dafa gaɓa da hannu ɗaya. Ya bi ta. Shi ya kafa matakalar nan da guntayen katako, sai ya kama kansa yana ƙirgawa. Ta tara ta ruɓe. Ta goma sha bakwai zuwa ƙasa laka ta rufe su ta bushe. Ya jira ya ji wani abu, tsoro ko kuka ko jiri. Babu abin da ya zo. Ƙamshin laka ne kawai, da ƙarar injina daga sama.

Ƙusar tana nan, ta yi tsatsa. Ya cika tiyon a bakin ruwa, ya ɗaga shi yana ƙwanƙwasawa da farce har kumfar ciki ta fita, ya ba ta baki ɗaya.

"Ki sa idonki daidai da ita. Kada ki duba daga sama."

Ya naɗe wando ya shiga. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa. A nan ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Ƙasan ya zurma fiye da yadda yake a da, ambaliyar ta ƙwaƙule gindin turken. Da ya isa, ruwa yana cinyarsa, inda bai taɓa kaiwa ba a shekara sittin da ɗaya. Daga kusa ya ga abin da ba a gani daga sama: inda igiya ta ci fenti ta zagaye itacen, da zare uku shuɗaye maƙale a wata tsaga. Ya dube su. Ya ɗora tiyon a jikin turke.

"Ya yi daidai?"

"Dakata. Ya yi."

Ruwan cikin tiyo ya hau, ya sauka, ya tsaya. Ɗari da saba'in da uku.

"Sake."

Suka sake har sau uku. Ɗari da saba'in da uku. Turke ya nutse santimita ashirin da uku, a miƙe, bai karkace ko kaɗan ba, shi ya sa ido bai kama ba.

"Nawa?" in ji ta.

Ya faɗa mata.

"Da yawa ne?"

"Da yawa ne."

Ya fito ya zauna a matakala ta ƙarshe, wandonsa yana ɗiga, ya buɗe littafin yana komawa baya shafi shafi, yana cire ashirin da uku daga kowace lamba. Kwana talatin da takwas ke nan da ya kamata jan layi ya fito. Matarsa tana tsaye har yanzu da bakin tiyo a jikin ƙusa, idonta a kan turken.

"Kina iya saki," in ji shi. "An gama."

A gaban rumfa ya goge saba'in da huɗun jiya da tafin hannu, ya rubuta hamsin da ɗaya. A ƙasa ya ƙara da ƙananan haruffa: turke ya nutse 23, ban gwada ba bayan ambaliya. Kafin hantsi ya yi zafi ƙanensa ya iso a kan babur, bai ko kashe shi ba.

"Yaya, me ke nan? Jiya saba'in da huɗu, yau hamsin da ɗaya? Kogin ya tsiyaye ne?"

"Ka karanta na ƙasa."

"Na karanta. Tumatir ɗina yana fure. Kwana biyu ba ruwa, furen zai zube. Da ka bari ko mako biyu."

"Kwana talatin da takwas ka sha na wasu. Ni na ba ka, ba kai ka sata ba. Je ka kashe injin."

Ƙanen ya dubi jiƙaƙƙen wandon wansa har cinya. Ya juya babur.

Da la'asar kwamiti ya zauna. Kafinta ya faɗi abin da ya faru a jimla huɗu, ya ajiye littafin a kan benci ya ce a ba wani. Babu wanda ya miƙa hannu. Direba ya ce shi ma ya ga dokar nan ranar da ya buɗe littafin, ya rufe. Ɗaya daga cikin maza shidan ya ce tun ranar da suka fito da ita ya ji turken ya motsa a ƙarƙashinsu. Aka yanke cewa injinan tudu su huta kwana biyar a jere kafin a shiga juyin kwana ɗaya aiki kwana biyu hutu, kuma daga yau mutum biyu daga gangare za su riƙa zuwa gwajin ƙusa ko an kira su ko ba a kira su ba. Direba ya tura littafin ya koma gaban Kafinta.

Ruwa ya isa gangare a kwana na biyu. Barkono ya farfaɗo, da masarar da aka shuka a makare. Albasa kuwa ta riga ta tafi, Mai Albasa buhu ɗaya da rabi ta kwashe a filin da ke ba ta goma sha huɗu. Furen tumatir ɗin ƙanensa rabi ya zube. Wata biyu ƙanen bai zo rumfa ba.

Saura turke. An gwada ɗago shi, maza takwas da igiya, ya ƙi motsi. Aka ce to a sake lambobin a inda yake. Kafinta ya sayo farin fenti da baƙi da ja. Matarsa ta tsaya a matakala ta ƙarshe riƙe da gwangwani, shi ya shiga ruwa ya fara daga sama. Ɗari biyu ta tafi, ɗari da casa'in ta tafi. Bakwai ɗinta tana da ɗan layi a tsakiya, yadda aka koya musu a kwaleji. Tasa ba ta da shi. Zaren nan uku ya zare su da bakin ƙusa, ya sa a aljihun gaba, bai faɗa wa kowa ba. Ya shafe har inda ruwa ya tsaya, ya auna, ya rubuta nasa, ya zagaya sabon jan layi.

Abin da ke ƙarƙashin ruwa ba ya shafuwa. Lambobinta na ƙasa suna nan, in ruwa ya kwanta da safe ana ganinsu suna rawa a ciki, har da jan layinta. Rani kuwa yana ci gaba. Duk kwana uku ko huɗu ruwa yakan janye yatsa ɗaya ya fito da ɗan abin da ta rubuta, sai ya bari ya bushe, ya shiga da buroshi ya shafe, don kada a sami lamba biyu a turke ɗaya wani ya ruɗe. Ya gyara matakala ta tara. Ya haƙe lakar da ta rufe na ƙasa.

Bayan wata biyu da rabi, wata safiya ya sauko ya tarar jan layinta ya fito gaba ɗaya, ruwa yana lasar ƙasansa. Ya fi nasa kauri, kuma ta gefen dutse ya ɗan zubo, inda ta cika buroshi da fenti. Ya tsaya a matakala ta ƙarshe da gwangwani a hannu. Fenti ba ya kama jiƙaƙƙen itace, sai an ba shi kwana biyu. Ya ajiye gwangwanin a gindin dutse, ƙarƙashin ƙusa, ya ɗora masa marfi. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta talatin da bakwai.

Da ya koma gida matarsa tana shara.

"Ya fito," in ji shi.

Ta jingina tsintsiya da bango.

"Yaushe za ka shafe?"

"Jibi."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta.